Awa Ɗari da Ashirin na Melenaite

Awa nawa ka taɓa yi wa wani aiki kyauta, don kawai a ba ka takardar da za ka nemi aiki da ita? Melenaite Vailea ta yi ɗari da ashirin cif, kwana goma sha biyar, awa takwas-takwas, ba ta makara ko sau ɗaya ba. A Warrinda, garinmu na bakin kogin Murray, ba wanda ya yi mamakin wannan. Matar da ta yi kaka ashirin da shida tana tsinkar inabi a rana, ina za ta ji tsoron aiki a cikin ɗaki mai rufi?

Tana da shekara ashirin da uku ta baro tsibirinsu a Ha'apai, can ƙasar Tonga. Baffanta Kelepi Havili, ƙanen mahaifinta, shi ya riga kowa zuwa garin nan, shi ya aika aka taho da ita, shi ya nuna mata riƙon almakashi. Kwalin inabi kilo goma ne. A shekarunta na ƙarfi tana cika saba'in a yini, ta ɗaga kowanne ta ɗora a tirela, wato kilo ɗari bakwai ke bi ta kafaɗarta kafin la'asar. Ninka wannan da wata huɗu, ka ninka da shekara ashirin da shida, sai ka gane abin da likitan birnin Mildura ya gani a hoton ƙashi. Ya ce kafaɗar dama ta gama aikinta. In ta ci gaba da yini hannu a sama, nan da shekara biyu ko gashin kanta ba za ta iya tajewa ba. Shekararta arba'in da tara. Mijinta ya rasu, 'ya'ya uku sun watse birane, autar tana gida da jinjiri.

Ofishin nema wa mutane aiki yana tsakanin kantin magani da wurin wankin kaya. Shekara uku tana zuwa duk sati biyu. Ma'aikata bakwai suka riƙe fayil ɗinta ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fara da tambayar yadda ake furta sunanta, kowanne ya ƙare da kiranta Mel. A gida Naite ce. Suka tura ta koyon haɗa kofi, a garin da ke da shagon kofi biyu, duka na iyali ɗaya. Suka tura ta kwas na aikin sito, wata biyar, aka ba ta satifiket mai tambarin ruwan zinariya, amma motar ɗaga kaya da aka ce za a koya musu tuƙawa ba ta taɓa isowa ba, kuma babu siton da ke ɗaukar wanda bai iya tuƙa ta ba. Sai daga baya ta ji cewa tallafin gwamnati kwas biyu kawai yake ɗauke wa mutum a wannan mataki. Na sito ya cinye ɗaya.

Na biyun ita ta zaɓa da kanta, kula da tsofaffi, kuma da lissafi ta zaɓa. Gidan tsofaffin garin gado talatin da ɗaya ne, kullum suna kukan ƙarancin hannu. Inabi wata huɗu yake yi ya tafi, tsufa kuwa ba shi da kaka. Akwai na'urar ɗaga mutum, ba da kafaɗa ake yi ba. Daga ƙofar gidanta zuwa can tafiyar minti goma sha huɗu ce a ƙafa, ta je ta gwada.

Sati goma sha takwas suka yi a ɗakin bayan laburare, Talata da Alhamis. Su goma sha huɗu suka fara, biyar suka kai ƙarshe. Wata motarta ta mutu, biyu kakar inabi ta janye su, sauran yara ne da rashin mai riƙo. A kan wani mutum-mutumin roba suke gwaji, mai sanƙo, matan suka sa masa suna Ɗan Majalisa tunda komai ka ce masa murmushi yake yi bai amsa ba. Naite ta wanke Ɗan Majalisa sau ashirin da biyu. Ta ci jarrabawar rubutu goma sha biyu, duk da Turancin da ta koya a layin inabi. Abin da ya rage shi ne awa ɗari da ashirin a gidan tsofaffi, da wani littafi mai layi talatin da huɗu, kowane layi aiki ne da sai an gan ta ta yi a sa hannu.

Fom ɗin shiga gidan yana da tambaya ɗaya da ta tsayar da alƙalaminta: kina da dangi na kusa a cikin mazauna gidan? Kelepi yana ɗaki na tara, shekara biyu ke nan tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun hagu. Wanda ya ce e, Mildura ake tura shi, kilomita casa'in, kuma aikin ƙarfe bakwai na safe ake farawa, bas ɗin farko kuma tara da kwata yake isa. Ta kai fom ɗin wajen Luseane, ƙawarta da suka yi shekara ashirin suna tsinka a layi ɗaya.

"Ke wa ya aike ki?" in ji Luseane. "Garin nan in aka bi dangi, har karen Fasto ɗan'uwanmu ne. Sa a'a. Sunan mijinki kike ɗauke da shi, wa zai haɗa Vailea da Havili?"

Ta sa a'a.

A wajenmu mutanen Tonga ƙanen uba uba ne, ba mu da wata kalma daban. Da sunansa kake kiransa kamar sa'anka, ba mai cewa ka yi raini. Amma ba ka cin ragowarsa, ba ka sa rigarsa, ba ka tsaya masa a kai yana zaune, kuma hannunka ba ya zuwa kansa tun daga haihuwa har kabari. Don haka Naite ta shiga gidan da aiki biyu, na littafi da na kauce wa ɗaki na tara. Duk ranar da allon rabon aiki ya jefa ta can, sai ta sami wata ma'aikaciya su yi musaya. Sau shida aka yi haka, sau shida ta biya da ƙunshin ganyen gwaza da naman gwangwani da madarar kwakwa, mai zafi, cikin takardar gasa. Ma'aikatan suka ɗauka tsohon take tsoro, don yana da baki. Ran Lahadi bayan coci kuwa sai ta dawo ta ƙofar baƙi, da tabarmarta ta ado ɗaure a ƙugu kamar yadda al'adarmu take, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofar ɗakinsa ta zuba masa doya. Masu aikin Lahadi daban ne, ba su san ta da rigar ɗalibai ba.

Aikin ya karɓe ta. Akwai wata tsohuwa da ta yi wata uku ba ta yarda kowa ya yanke mata farce ba, Naite ta yanke goma a zama ɗaya tana yi mata waƙar coci. Shugabar gidan, wata nas mai saurin tafiya, ta tare ta a kwana na goma sha ɗaya ta ce akwai gurbi uku da za a cike ran ɗaya ga Yuli, kwana huɗu a sati, duk shekara. Satifiket kawai ake so ta kawo. Naite ta koma gida ran nan ta zauna a bakin gado da takalmanta a ƙafa, ta daɗe ba ta cire su ba.

Layi talatin da uku suka sami sa hannu. Na talatin da huɗu shi ne wanke wa namiji kai, a taje, a aske masa gemu, kuma wannan ba nas ke sa hannu ba, sai malamar makarantar da kanta ta tsaya ta gani. Sunanta Noelene, daga Mildura take zuwa sau ɗaya a wata. A watan Mayu ba ta zo ba, mura ta kwantar da ita. Zuwanta na ƙarshe Alhamis ne, ashirin da bakwai ga Yuni, domin ran talatin kwangilar makarantar ke ƙarewa, a rufe littattafan kowa.

Naite ta riga ta shirya. Mista Doyle na ɗaki na huɗu, tsohon direban jirgin ƙasa mai gashi bai fi ashirin ba a ka, ya yarda tun tuni, har ya ce zai tara mata gemun kwana uku don malamar ta ga aiki. Ran Talata da hantsi numfashinsa ya sarƙe, motar asibiti ta tafi da shi. Maza biyar ne a gidan. Ɗaya ya tafi. Ɗaya wani tsohon ɗan Italiya ne da ya rubuta tun shigarsa cewa ɗalibi ba ya taɓa shi. Biyu hankali ya gushe, sai da izinin iyali, an buga waya sau huɗu ba a samu ba.

"Kada ki damu, Mel," in ji shugabar gidan ran Laraba, tana murna da dabararta. "Na tambayi Mista Havili, ya ce to. Ɗan ƙasarku ne ma, yarenku ɗaya. Kin ga abin ya zo da sauƙi."

Luseane tana ferar rogo a bayan gidanta Naite ta same ta. Ta saurara har ƙarshe, wuƙar ba ta tsaya ba.

"Kai, rashin sa'a. Da ma kawunki ne, ɗan'uwan uwarki, ai da tiyon wanke mota za ki wanke shi, ki shanya shi a igiya."

"Luse, ba wasa na zo yi ba."

"Wa yake wasa? Sa safar hannu biyu. Roba ce ta taɓa, ba ke ba."

"Allah ba ya gani ta cikin roba?"

"Yana gani mana. Shi ya ga hoton kafaɗarki ma, tun kafin likita."

"In gaya musu gaskiya?"

Nan wuƙar ta tsaya. "Ki gaya musu kin yi ƙarya a fom? Ki ga yadda awa ɗari da ashirin za su tashi kamar hayaƙi. Ke dai ki rufe ido. Minti nawa ne? Tsohon ma rabin gashin ya zube."

"Bai zube ba. Ko ɗaya."

"To kin ga, ashe kina kallon kan."

Da yamma ta shiga ɗaki na tara ta zauna a ƙasa inda ta saba. Kelepi yana kan kujerarsa a bakin taga, shekara tamanin da huɗu, farin gashi cike da kai, hannun hagu a kwance kan cinya kamar na aro.

"Na ji gobe za a mai da ni ango," ya ce.

"Kelepi, ka ce musu ba ka so."

"In ce ba na so, ki koma gona da hannu ɗaya? Mu zama mu biyu ke nan a dangi, a haɗa mu a sami mutum guda."

"Ba zan iya ba."

"Kan nan da kike gani, jiya wata 'yar Nepal ta wanke shi. Shekaranjiya wani ɗan Filifin mai ɗankunne. Ya daɗe da zama kan gwamnati."

"Su ba 'ya'yanka ba ne."

"Shi ya sa suke zuba min sabulu a ido."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma ya bari. Ya juya yana kallon wurin ajiye motoci, sannan ya yi magana da wata murya da ba ta ji ba tun ranar jana'izar mahaifinta.

"Ubanki Saia ba ya nan. Ni ne nan. Ni na kawo ki ƙasar nan, ni na sa miki almakashin da ya cinye kafaɗar. Na ce ki taɓa."

Ta ga hannunsa mai lafiya ya damƙe hannun kujera har jijiyoyi sun fito.

Noelene ta iso ƙarfe tara da minti goma, mace mai kusan sittin, da tabarau a igiya da gorar shayi a hammata. Ɗalibai uku za ta duba a gidan kafin azahar, washegari kuma tana wani gari mai nisan kilomita ɗari biyu. Ta gaisa da Kelepi, ta tambaye shi ko ya yarda, ya ce ya yarda har da kyautar turare in akwai. Aka tura kujerarsa banɗaki, aka juya bayansa ga kwanon wanke hannu. Noelene ta jingina da ƙofa, littafi a buɗe.

Naite ta jera kayanta daidai yadda aka koya musu: tawul biyu, sabulun kai, kofi, mataji, reza sabuwa, kumfar aski. Ta wanke hannu daƙiƙa ashirin. Ta sa safa, guda ɗaya a kowane hannu. Ta gwada zafin ruwa a wuyan hannunta. Ta juyo, sai ga ta tsaye, shi yana zaune. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da kanta. Gwiwoyinta suka sauka kan tayil.

Daga durƙushe ta yi aikin. Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai san nisan da ke tsakanin ƙasa da kan mutum mai zaune ba. Dole hannu biyu su miƙe sama da kanta, kofi a dama, hagu tana tare masa goshi. Ruwan da ya kamata ya koma kwano rabinsa ta hannun rigarta yake bi, ya gangara hammata, ya jiƙa ta har ƙugu. Da yatsunta suka shiga gashin, wani abu ya tsarga mata daga wuya zuwa tafin ƙafa, ta sunkuyar da kai tana kallon tayar kujera. Kafaɗar ta fara magana tun a minti na uku.

"Mel," in ji Noelene a hankali, "kina iya tashi tsaye. Ki ɗaga kujerar in ta yi miki ƙasa."

Ba ta tashi ba.

"Ki riƙa gaya masa abin da kike yi, kin ji?"

Bakinta a rufe yake kamar an ɗinke. Me za ta ce? Ta dubi ubanta ta ce masa yanzu zan cuɗa maka ƙeya?

Kelepi ya gane abin da ake nema. Sai ya buɗe baki da Turancinsa na gona, idonsa a rufe, kumfa a kunne. "Yanzu tana wanke bayan kunne. Madalla. Yanzu tana ɗauraye. Ruwan bai yi zafi ba, Malama, na gode da tambaya. Yanzu za ta goge." Noelene ta yi murmushi, ta rubuta wani abu, murmushin ya tafi.

Askin ya fi wuya. Reza tana son ido, ita kuwa ba ta ɗaga nata ya wuce haɓarsa ba. Da yatsa take laluben inda gashi yake, irin laluben da take yi wa nonon inabi a bayan ganye, kuma hannun da ya yi shekara ashirin da shida yana yanka kusa da 'ya'ya masu taushi bai ɓata ko ɗaya ba, bai ɓata nan ma ba. Ko ƙwarzane babu. Ta goge masa fuska, ta taje gashin baya yadda yake yi ran Lahadi, ta sauke hannu. Minti goma sha tara. Hannun dama bai sauko da kansa ba, da na hagu ta kamo shi.

A baranda Noelene ta nuna mata shafin. Ƙarƙashin layi na talatin da huɗu akwai ƙananan akwatuna takwas, kuma sai duka takwas sun cika ake sa hannu. Biyar sun cika. Uku babu: tsayuwar da ba ta cutar da bayan ma'aikaci, yi wa mutum bayani kafin a taɓa shi, da duban fuskarsa don a ga ko yana jin zafi.

"Ban taɓa ganin aski mai kyau haka a hannun ɗaliba ba," in ji Noelene. "Amma me ya kai ki ƙasa? Haka kika yi wa na roba?"

"A'a."

Noelene ta duba agogo, ta duba baranda hagu da dama. Ita ma ran talatin aikinta zai ƙare, ta gaya musu a aji. "Ji nan. Mu koma. Ki tsaya a tsaye, ki dube shi, ki ce masa za ki taje masa kai, da kowane yare kika ga dama, ki taje. Minti biyu. In cike ukun nan mu rabu lafiya."

Suka koma. An riga an fito da Kelepi bakin taga, shugabar gidan ta shigo da maganinsa na safe tana jira ya haɗiye. Naite ta ɗauki mataji. Ta tako har gaban kujerar, ta tsaya a kan ƙafafunta, rigarta tana ɗiga. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin tsakiyar kansa ba. Gashin ya murɗe wuri biyu a wajen, irin na mahaifinta sak, wanda sau ɗaya ta gani, ranar da aka kwantar da gawarsa. Kelepi ya ɗago ya dube ta. Duk barkwancin ya bar fuskarsa.

Ta buɗe baki, abin da ya fito da yarenmu shi ne, "Ka yafe ni."

"Me ta ce?" in ji Noelene, alƙalami a kan akwati.

"Ta ce za ta taje min kai," in ji Kelepi, ko ƙiftawa bai yi ba. "Ta ce in na ji zafi in faɗa."

"Yauwa. Haka kika ce, Mel?"

Kalma ɗaya ake nema, mai harafi ɗaya. Ƙarya a kan fom ta iya, tana zaune a kicin ɗin Luseane. A nan kuwa tana tsaye a kan ubanta, da matajinsa a hannu, shi kuma ya yi ƙarya saboda ita a gaban baƙi yana da shekara tamanin da huɗu.

"A'a," ta ce. "Gafara na roƙa. Ubana ne."

Shugabar gidan ta ajiye kofin magani.

"Mahaifinki?" in ji Noelene.

"Ƙanen mahaifina."

"To baffa ke nan."

"Uba ne."

"Kai, Naite," in ji Kelepi da yarenmu, a gajiye. "Saura taku ɗaya, 'yar Saia. Kan naku duk iri ɗaya ne, dutse."

Noelene ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta. Da su uku ne kawai a ɗakin, wa ya sani, wataƙila da kunnenta bai ji ba. Amma shugabar gidan tana tsaye, kuma ƙa'idar makarantar a rubuce take, jarrabawar da aka yi a kan ɗan'uwa ba ta shiga lissafi. "Da kin gaya min tun watan Afrilu," ta ce, "da na nemo miki wani tsoho ko daga ina ne. Wallahi da na nemo." Ta rufe littafin a hankali, kamar mai gudun ta da barci.

Ba a soke awanninta ba, sun dai tsaya a littafin makarantar da ta daina wanzuwa ran talatin ga wata. Mista Doyle ya dawo daga asibiti ran biyu ga Yuli, da gemun kwana takwas. Bayan sati uku wasiƙa ta zo, takarda ɗaya, ta jera darussa goma sha biyu da ta ci cikin goma sha uku. Makarantar da ta karɓi kwangilar sabon tsari take koyarwa, ta ce za ta amince da bakwai daga ciki, sauran a sake, awannin ma a sake daga ɗaya, kuma ba tallafi, tunda an yi mata biyu. Gurbi ukun nan, biyu 'yan ajinsu suka samu, na ukun aka kawo wani daga birnin Melbourne da ake sauyawa duk wata. Shugabar gidan ba ta yi fushi ba. In sun haɗu a kanti tana gaishe ta, ta ce ƙofa a buɗe take duk ranar da takarda ta samu.

Yuli watan datse rassan inabi ne, sanyi yana sa ciyawa ta yi fari har ƙarfe tara. Naite tana can a layi ɗaya da Luseane. Ta koya wa hannun hagu almakashi, tana yin itace ɗari da arba'in a yini, masu hannu biyu suna yin ɗari uku. Mai gonar ya ce zai duba lamarin zuwa ƙarshen wata. Luseane ta daina tsokanarta da zancen, sai dai in ta gama nata layin ta shigo na Naite ta ɗayan bakin.

Kelepi bai sake ɗaga maganar ba sai sau ɗaya. Wata Lahadi ta same shi da 'yar auduga manne a haɓa inda reza ta ci shi, ya shafa wurin ya ce, "Wannan ɗan Melbourne da gatari yake aski." Ya ci doyarsa, ya tura kwanon gefe inda ba za ta ɗauka ba, ya ce ta gaida jinjiri.

Mutane a coci sun rabu biyu, wasu na cewa ba ta kyauta ba da ta taɓa, wasu na cewa ba ta kyauta ba da ta faɗa, kuma duk cikinsu babu wanda ya san nauyin abin a jiki. Kafin ka shiga ɗaya daga cikin layukan nan biyu, ka yi wannan a gida, ba ya cin komai. Jawo kujera, ka durƙusa a gabanta a kan siminti. Cika kofi da ruwa, ka ɗaga shi da hannun dama har ya wuce kanka, idonka a ƙasa, bakinka a rufe, ka sa wani ya riƙe maka agogo. Ita ta yi minti goma sha tara da kafaɗar da likita ya sallama. Gwada ka ga a minti na nawa ruwan zai fara zubo maka.